Gargaɗin da Kowa Ya Saba Tsallakewa

Mai sharar asibitin ce ta fara ganin takardun, amma da yake ba ta iya karatu ba, sai ta wuce su ta kama shararta. Guda uku ne, an manna su da gam a katangar da ke kallon titi, daidai inda mutane ke tsayawa jiran mota. Kafin ƙarfe takwas an yi cincirindo a wurin, masu waya suna ɗaukar hoto, wani kuma yana karanta wa na baya da ƙarfi kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Sunaye arba'in da uku ne, kowanne da lambar wayarsa da layin da yake zaune. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: masu zuwa ɗakin baya.

Babu wanda bai san ɗakin baya ba a unguwar. Nan ake bai wa masu cutar ƙanjamau magani, kuma ƙofarsa daban take, ta cikin lungu, don kada a ga mai shiga. Kafin ma'aikata su yayyage takardun, hotonsu ya riga ya shiga kowace waya. Cikin kwana huɗu an mayar da mata biyu gidajen iyayensu. Malamin lissafin makarantar unguwar, na goma sha tara a jerin, iyayen yara suka taru a ƙofar ajinsa suna cewa ba zai ƙara taɓa littafin 'ya'yansu ba. Ranar Talata aka ɓalle ƙofar ɗakinsa aka same shi ya sha abin da ya sha, bai tashi ba.

Daga nan unguwa ta juya tana neman wanda za ta ɗora wa laifi. Ba ta daɗe tana nema ba. Wani ya tsegunta cewa da sunan mai rajistar asibitin aka buɗe jerin a kwamfuta. Ana dawowa daga binne malamin, samari suka zarce gidansu da duwatsu.

Washegari Sufeton 'yan sandan yankin ya kira wata mata da ake ce wa Mai-Sawu.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a kamfanin sadarwa tana bin sawun wayoyin sata kafin ta ajiye aikin, sunan kuwa ya bi ta har gida, har 'ya'yan yayyenta haka suke kiran ta. Mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan kallon ƙasa. Sufeto ya ce mata yaransa sun iya kama ɓarawon da ya haura katanga, amma wannan bai haura komai ba.

Ta sami asibitin rabi a rufe. An kashe babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, wadda ma'aikata ke kira saba, an kulle ɗakinta, an ajiye ɗan sanda a kan benci a tsakiyar baranda dare da rana. Likita, mai asibitin, ya karɓe ta a ofishinsa bai ce ta zauna ba.

"Ban ga abin bincike a nan ba," ya ce, ya tura mata takarda. "Ga shi, ranar Laraba, ƙarfe ɗaya da minti arba'in, an buɗe jerin da sunanta da kalmar sirrinta. Kwamfuta ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, Likita. Abin da aka gaya mata dai take maimaitawa."

"Shekara shida yarinyar nan tana cin abinci a hannuna."

"To me ta samu da ta yi haka?"

Ya cire gilashinsa ya murza idanunsa. Tun ranar Juma'ar da aka manna takardun yake yi wa kansa wannan tambayar.

*

Mai-Rajista tana kwance a ɗakin ƙanwar mahaifiyarta, can wata unguwa, an naɗe mata kai da bandeji. Dutse ya same ta a kunnen hagu, sai an zauna ta damanta take jin magana.

"Anti, wallahi ban rubuta kalmar sirrina a ko'ina ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ko mahaifiyata ba ta san ta ba."

"Ina kike ranar Laraba da ƙarfe ɗaya da rabi?"

"Na tafi cin abinci a bayan ɗakin wanki. Ni kaɗai nake ci, shi ya sa ba ni da shaida." Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Da na san haka ne da na riƙa gayyatar mutane."

"Faɗa mini yadda kike fara aiki da safe. Kada ki tsallake komai."

"In kunna kwamfuta, in buɗe shafin asibiti, jan nan ya fito, in danna ci gaba, in sa sunana da..."

"Wane ja?"

"Gargaɗin nan mana. Allon ya yi ja, ya ce wai shafin ba shi da aminci. Ai kowa na ganin sa. Ya kai wata takwas. Da farko mun tsorata, sai mai gyaran kwamfuta ya ce ba komai, mu riƙa danna ci gaba kafin ya gyara."

"Kina karanta abin da yake cewa?"

"Anti, mutum talatin a layi, wani na tari a kaina? Hannuna ma ya san wurin dannawa ba sai na duba ba."

Da Mai-Sawu ta tashi tafiya, yarinyar ta riƙo gefen mayafinta. "Malamin nan shi ya koya wa ƙanena lissafi. Duk wata in ya zo, sai in yi kamar ban san shi ba, don kada ya ji kunya. Yanzu an ce ni na kashe shi."

*

Sufeto bai jira ba. Yana jin batun gargaɗin ya sa aka ɗauko mai gyaran kwamfutar daga shagonsa. Mutum ne siriri, mai saurin magana, yana ta share gumi da gefen riga a ɗakin tambayoyi.

"Ranka ya daɗe, na gyara! Ranar Litinin ta makon da abin ya faru na sa sabuwar takardar shaida a sabar. Na yi jinkiri, ban musa ba. Likita kullum sai ya ce ba lokacin tsayar da aiki, ni kuma na sami abin fakewa. Amma na gyara."

"Ƙarya kake," in ji Sufeto. "Mutum shida sun ce har ranar Alhamis suna ganin jan. Kana da makullin ɗakin, ka shiga ba ka sa hannu a littafin baƙi ba."

Mai-Sawu ta ja Sufeto waje. Ya ce ta fahimtar da shi wannan takardar shaida da Hausar da uwarsa za ta gane.

"Ka ɗauka kwamfutar da ke gabanka maigadi ce. Duk lokacin da ta je buɗe shafi, sai ta ce wa sabar, nuna mini katinka in tabbatar kai ne. In katin ya ƙare wa'adi, ko wanda ya sa masa hannu ba sananne ba ne, sai maigadi ya yi ihu. Ihun shi ne jan allon. Katin asibitin nan ya ƙare wata takwas da suka wuce, maigadi yana ihu kullum, har mutanen gida suka koyi cewa da shi yi shiru."

"To wannan mutumin shi ya koya musu, shi ne ɓarawon."

"Mai yiwuwa ne. Sai dai yana da makullin komai. Mai makullin gida me zai kai shi aron na 'yar aiki?"

"Don ya ɗora mata."

"Shi ma mai yiwuwa ne," ta ce. Ta nemi a buɗe mata sabar ita kaɗai, ba tare da an haɗa ta da wayoyin asibitin ba. Abin da ta gani bai yi wa Sufeto daɗi ba: sabuwar takardar tana nan, mai kyau, an sa ta ranar Litinin da rana tsaka. Mai gyara bai yi ƙarya ba. Ya kamata a ce tun daga lokacin jan ya ɓace. Amma mutum shida ma ba su yi ƙarya ba.

*

Ta yi kwana biyu tana zagaya ma'aikata. Mai gwajin jini ya ce shi bai yarda da mai ba da magani ba, mai ba da magani ta ce a binciki mai shara, don ita ke shiga ko'ina. Kowa ya zama ɗan sandan ɗan'uwansa. Mai-Hoto ne kaɗai, mai ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, bai nuna kowa da yatsa ba. Mutum ne kamili mai furfura a gemu, ya jawo mata kujera ya zuba mata ruwa.

"Ni ɗakina a ƙarshen baranda yake, 'yar'uwa, sai wanda ya karye ke zuwa wurina. Yarinyar nan dai ban taɓa ganin ta da mugun hali ba. Allah ya ba ta lafiya."

"Kana ganin jan gargaɗin?"

"Wa ba ya gani? Ya zama kamar sallama."

Ta bar Sista a ƙarshe, tsohuwar nas da ke riƙe da ɗakin baya tun buɗe shi. Ta same ta zaune a ɗakin ita kaɗai, kwalayen magani jere a kanta babu wanda ya zo karɓa.

"Kwana goma ke nan, mutum huɗu kawai suka zo," in ji Sista. "Sauran sun gwammace su mutu a ɗaka da a gan su a lungun nan. Maganin nan kuwa ba a tsallake masa rana. Wanda ya yi wannan aiki ba malamin kaɗai ya kashe ba, sauran ma suna hanya."

"Inna, ke ma kina danna ci gaba?"

"Ina dannawa, ya na iya? Amma ban taɓa dannawa da daɗin rai ba. Ni an koya mini in na ga ja a jikin na'ura in tsaya. Kullum da safe sai na ɗauki hotonsa da wayata na aika wa ɗan banzan mai gyaran nan. Ya ma daina buɗe saƙona."

Mai-Sawu ta ɗago kai. "Kullum?"

"In ba ranar hutuna ba."

Hotuna ne kusan ɗari biyu, duk iri ɗaya, jan allo da hasken taga a gefensa. Mai-Sawu ta zauna a gadon gwaji tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana faɗaɗa ƙaramin rubutun da ke ƙasa, wanda ba wanda ke karantawa. Wata takwas yana cewa abu guda: wa'adin takardar shaidar wannan shafi ya ƙare. Sai ta zo kan hoton ranar Litinin da safe, kafin ma mai gyara ya iso. Jan bai canja ba, wurin dannawa bai canja ba, amma rubutun ya zama wani: ba a san wanda ya ba da wannan takardar shaida ba. Haka ranar Talata, haka Laraba, haka Alhamis.

Wata takwas maigadi yana ihun cewa katin maigida ya tsufa. A kwana huɗun ƙarshe ihu yake cewa ga baƙo da katin jabu, amma kunnuwa sun riga sun toshe.

"Me kika gani, 'yar nan?"

"Inna, wani ya tsaya tsakaninku da sabar, yana karɓar duk abin da kuka rubuta kafin ya miƙa mata. Har da kalmomin sirri."

*

Abin da ya tsaya a tsakani dole ya taɓa waya, waya kuwa ba ta tafiya a iska. Mai-Sawu ta ari tsani ta fara daga ɗakin saba. Wayar ta hau bango ta shige silin. Ta riƙa ɗaga allunan silin ɗin baranda ɗaya bayan ɗaya tana haska tocila, ɗan sandan da ke benci yana riƙe mata tsanin. Ƙura ce kwance ko'ina kamar bargo, da kashin ɓera, da tsohuwar yanar gizo-gizo. A allo na bakwai ƙurar ta share. Ga shatar yatsu huɗu a gefen katako, ga wurin da aka dafa gwiwar hannu. Can ciki kuwa ga wani ƙaramin akwati da bai fi sabulun wanka girma ba, waya ta shiga ta nan ta fita ta can, an ɗaure shi da filasta tsaf, aikin mai haƙuri.

Ta gane dalilin da ya sa ba a ɗauke shi ba. Bencin ɗan sandan daidai ƙarƙashinsa yake.

Akwatin bai faɗi sunan mai shi ba. Irinsa ana sayarwa a kowace kasuwar kayan waya, shatar yatsun kuma ta goge da yawa. Wannan ya ƙara wa Sufeto ƙarfi a kan mai gyara, ya ce wa ya iya irin wannan in ba shi ba. Mai-Sawu ba ta yi gardama ba. Abin da ke cin ta daban ne. Ba a nemi komai daga kowa ba, ba a yi wa Likita barazana ba. Wanda ya sha wannan wahala don ya manna sunaye a bango, to cikin sunayen akwai wanda yake nufi, sauran arba'in da biyun lulluɓi ne kawai.

Sai ta ɗauki jerin ta shiga bin gidaje. Wasu suka rufe mata ƙofa, wata tsohuwa ta watsa mata ruwan wanke-wanke a ƙafa. A rana ta uku ta kai ga na talatin da ɗaya, wani tela. Ta same shi zaune gaban kekensa babu ɗinki a kai, masu kaya sun zo sun kwashe yadudduka tun makon jiya.

"Akwai wanda kuke gaba da shi?" ta tambaya bayan sun gaisa.

"Babu." Ya juya zare a yatsa. "Baiwar Allah, zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, don na gaji da ɗaukarsa. Ni lafiyata ƙalau, sau biyar ana gwada ni. Matata ce. Wajen haihuwa aka ƙara mata jini a wani wuri, can ta samo. Ta roƙe ni kada danginta su ji, sai Sista ta buɗe katin da sunana, ni nake zuwa karɓo mata maganin. Bara Allah ya karɓi abarsa, ta bar mini 'ya ɗaya. Sunan ne ya rage a littafi."

"Allah ya jiƙanta. Me ya sa take tsoron danginta haka?"

"Ba tsoro ba ne, kunya ce. Yayanta shi ya raine ta tun rasuwar iyayensu, yana ji da ita kamar ƙwai. Ga shi kuma a asibitin yake aiki. In zan shiga lungun sai na leƙa na tabbatar ba ya waje."

"Wane aiki yake yi?"

"Shi ne mai ɗaukar hoto."

Mai-Sawu ta kalli ƙasa na ɗan lokaci. Zato ne kawai, kuma ta ga abin da zato ya yi wa kunnen Mai-Rajista.

*

Ranar Asabar da hantsi ta sa Likita ya tara ma'aikata a ɗakin jira. An ce za a sake buɗe asibitin, kowa ya zo da kwamfutar da yake aiki da ita a gwada gyaran da aka yi. Aka jera teburori biyu. Sufeto ya tsaya bakin ƙofa, mai gyara na gefensa da ankwa a hannu. Tela yana zaune a kujerar ƙarshe, Mai-Sawu ce ta roƙe shi ya zo. Mai-Hoto ya gan shi, ya kau da kai.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba sai Sufeto shi ne, ta mayar da ƙaramin akwatin wurinsa ta kunna.

"Kowa ya buɗe shafin asibiti," ta ce. "Kada wanda ya danna komai. Ku juyo da allon ku ɗauke hannuwanku."

Na Likita ya yi ja. Na Sista ja, na mai gwajin jini ja, na mai ba da magani ja. Wadda aka karɓo daga shagon mai gyara ma ja. Likita ya fara faɗa, wai wane irin gyara ne wannan, sai ya ga inda Mai-Sawu take kallo. A ƙarshen tebur, kwamfutar Mai-Hoto ta buɗe shafin fari tas, babu gargaɗi ko ɗaya.

"Tawa ce kaɗai ta gyaru ke nan," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi.

"Ba ta gyaru ba, Malam. Yanzu haka ba sabar asibiti kuke gani ba, akwatin da na samu a silin ne, da katinsa na jabu. Duk kwamfutar da ba ta san shi ba dole ta yi ihu. Wadda za ta yi shiru ita ce wadda mai ita ya gaya mata da hannunsa cewa wannan katin nawa ne, ki amince da shi. Wanda ya haɗa akwatin ya yi ta gwada shi a gida, jan ya ishe shi, ya kashe wa kansa. Maigadi ba ya tambayar ɗan gida takarda."

Mai-Hoto ya dubi farin allon ya daɗe, sannan ya rufe kwamfutar a hankali. Bai musa ba. Da ya buɗe baki, sai ya nuna Tela da yatsa.

"Ku tambayi wancan abin da ya yi wa ƙanwata. Na ba shi ita da ƙibarta da dariyarta, ya dawo mini da ƙashi a likkafani. Suna ce mini taifot ne. Ni da nake ɗaukar hoton ƙirji shekara ashirin za a gaya wa taifot? Sau uku ina ganin sa yana saɗaɗawa lungun nan. Wata biyar na yi ina koyon haɗa akwatin nan don in gani da idona, na kuwa ga sunansa. Ya kashe ta yana yawo a gari ana gaishe shi!"

"Sauran arba'in da biyun fa?" in ji Mai-Sawu. "Su me suka yi maka?"

"Da na sa nasa kaɗai, da an gane ni." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ban zaci malamin zai... Ban zaci za a taɓa yarinyar ba."

"Ka ce mini Allah ya ba ta lafiya."

"Da gaske nake."

Sista ta miƙe tsaye. Ta dubi Tela, ya gyaɗa mata kai, sannan ta juya ga Mai-Hoto.

"Kalmar sirrin rajista ka sata, ita kuwa sunaye kawai take nunawa, ba ta nuna sakamako. Da ka zo ka tambaye ni, da ban gaya maka ba, amma da na ce maka ka ji tsoron Allah. Mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Ƙanwarka ce mai ciwon, a jinin da aka ƙara mata ta samu. Shi ya ba da sunansa aka rubuta don a rufa mata asiri, shekara huɗu yana shiga lungun nan da ƙafarsa saboda ita. Ko kwana ɗaya bai raba shimfiɗa da ita ba."

Mai-Hoto ya dafa teburin. "Ƙarya ne."

"Yaya," in ji Tela, bai ɗaga murya ba, "ita ta ce in ka tambaya a ce maka taifot ne. Ta ce kai ka yi mata uwa ka yi mata uba, ba za ta iya haɗa ido da kai ba in ka sani. Na yi mata alkawari, na riƙe har yau."

Aka cire ankwar daga hannun mai gyara aka sa a na Mai-Hoto. Mai gyara bai yi murna ba, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da tafukansa. Likita ya tambayi Mai-Sawu a hankali ko za ta raka shi wurin Mai-Rajista, don bai san da wace fuska zai shiga shi kaɗai ba. Ta ce za ta raka shi, amma ya shirya, kunnen ba zai dawo ba.

Ana fita da Mai-Hoto zuwa mota sai ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Ina 'yar tata?"

"Tana gida," in ji Tela. "Kwana goma sha biyu ba ta je makaranta ba. 'Yan ajinsu sun janye bencinsu daga kusa da ita, an hana ta shan ruwa a randa. Kullum da safe sai ta sa kayan makaranta ta zauna bakin ƙofa, ta ce kawunta zai zo ya kai ta, ya yi musu faɗa, don duk garin nan ba wanda ya isa ya taɓa ta yana raye." Ya share ido da bayan hannu. "Yau ma, duk da Asabar ce, haka na baro ta. Yaya, in na koma me zan ce mata?"

Mai-Hoto ya jingina goshinsa da ƙofar. Sufeto ya ba shi lokaci fiye da yadda ya saba ba kowa, sannan ya dafa kafaɗarsa suka sauka matakala.